Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya

Da zarar an fara bitar maniyyata, ko azumi ya gabato masu Umara suna fafutukar neman tikiti, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa. Wani ya ce an gaya masa awa huɗu ne, maƙwabcinsa kuma ya rantse shi awa bakwai ya yi a sama. Wata hajiya ta duba tikitinta ta ga kamar dawowa ta fi zuwa gajarta da awa huɗu cur. Dukkansu gaskiya suka faɗa, abin da kowa ya auna ne ya bambanta. An tattara waɗannan tambayoyi a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani, kuma an sa musu lamba don a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,420 ne, idan aka auna miƙe sambal babu kwana. A lissafin mil, wajen mil 2,125 ke nan. Wanda ya taɓa hawa jirgi daga Kano zuwa Legas sai ya ninka waccan tafiyar sau huɗu, don ita kilomita 830 da 'yan kai ce.

Wannan adadi ba ya canjawa. Abin da yake canjawa shi ne hanyar da jirgin ya bi a ranar, kuma kusan kullum takan ɗara wannan nisa, wani lokaci da kaɗan, wani lokaci da fiye da kilomita dubu. Bayanin haka yana tambaya ta 4 da ta 5.

2. Awa nawa jirgi yake yi a sama?

Idan hanya a buɗe take kuma jirgin bai yada zango ko'ina ba, tsakanin awa huɗu zuwa huɗu da rabi ne. Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin su Boeing 747 da Boeing 777 da Airbus A330, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Ka raba 3,420 da wannan gudun, za ka samu kusan awa huɗu. Sauran mintunan na hawa ne da sauka, domin jirgi yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya kai tsayin da zai miƙe, kuma tun saura kamar kilomita 200 ya isa yake fara sassautawa yana gangarowa.

Ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya, irin Boeing 737 da Airbus A320, gudunsu bai kai na manyan ba, amma a wannan tafiya bambancin ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin. Bai kai abin da mutum zai sauya tikiti dominsa ba. Wanda ya ce maka ya yi awa shida ko bakwai a jirgin da bai tsaya ko'ina ba, to zagaye aka yi da shi, duba tambaya ta 5.

3. Me ya sa tikitina ya nuna kamar zuwa awa shida da rabi ne, dawowa kuma awa biyu da rabi?

Saboda agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi na Kano ne, lokacin sauka na Jidda. A ce jirgi ya tashi Kano da ƙarfe 1:00 na rana ya yi awa huɗu da rabi. Agogon hannunka zai nuna 5:30 na yamma, amma a Jidda 7:30 na dare ne, kuma shi za ka gani a tikiti. A dawowa lissafin yakan juye: ka bar Jidda 10:00 na safe, ka sauka Kano 12:30 na rana, alhali awa huɗu da rabin nan ka zauna su cif.

Najeriya da Saudiyya duk ba sa matsar da agogonsu da rani ko da hunturu, don haka awa biyun nan tana nan duk shekara. Abu biyu kuma ake yawan tuntuɓe da su. Tikiti yana ƙirga awoyi har 24, wato 19:30 shi ne bakwai da rabi na dare. Sannan jirgin da aka rubuta 00:40 ranar Talata, daren Litinin ne za ka je filin jirgi. Mutane da dama sun yi asarar kujera a kan wannan, kuma abin takaici ne ƙwarai, don tambaya ɗaya da ta raba gardama. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin sai washegari.

4. Ta ina jirgin yake bi, wace ƙasa da wace yake ƙetarewa?

Gajeriyar hanya tana barin Kano ta nufi gabas maso arewa kaɗan, ta ratsa saman Jigawa da Yobe, ta taɓa kudu maso gabashin Nijar wajen Difa, ta wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ta keta ƙasar Chadi, ta shiga arewacin Sudan, ta tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, sannan ta faɗa Bahar Maliya ta arewa da Fot Sudan. Wajen kilomita 1,400 na tafiyar, wato kusan kashi biyu cikin biyar, a saman Sudan ake yin su. A riƙe wannan, don shi ne tushen amsa ta gaba.

Idan aka zana hanyar a taswirar bango sai a ga ta ɗan lanƙwasa. Taswirar ce shimfiɗaɗɗiya, duniya kuwa dunƙulalliya ce. Ka kifa ƙwarya ka ja zare tsakanin ɗigo biyu a bayanta har ya yi tsauri, inda zaren ya kwanta nan ne gajeriyar hanya, kuma haka ake auna ta tsakanin filayen jirgi. Da wannan lissafin ne ake fitar da alƙibla. Shi ya sa jirgin da ya tashi Kano ya miƙe zuwa Jidda kusan alƙibla yake fuskanta, wajen digiri 68 daga arewa.

Hanyar ba sabuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun bi ta ƙasa, ta ɗan kudu da wannan layi: Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har Sawakin a bakin teku, tafiyar da takan ci shekaru, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a Nuwamban 1925 daga Masar suka taso ta Sudan, kuma jirgin fasinja da ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano a 1936 zango-zango yake yi a garuruwan wannan tsohuwar hanya.

5. To me ya sa tun 2023 tafiyar ta ƙara tsawo?

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekara. Tunda tsakiyar hanyar ce aka toshe, dole jirage suka nemi zagaye. Ta kudu, ana bi ta Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a ɓulla Habasha, sannan a haura Bahar Maliya. Wannan yana kai tafiyar wajen kilomita 5,000 ko fiye, ƙarin awa biyu ko sama da haka ke nan, tafiyar awa huɗu da rabi ta koma shida da rabi zuwa bakwai. A shekarar ne kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyacin Najeriya saboda man da zagayen zai ci.

Akwai kuma hanyar arewa, ta Chadi a shiga kudancin Libiya, a ratsa kudancin Masar. A taswira ƙarinta bai kai kilomita 200 ba, amma jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Akwai hanyoyin sama da aka shata, kowace ƙasa sai ta ba da izinin ƙetarawa kuma a biya ta, sannan kamfanoni da yawa sun daɗe suna kauce wa samaniyar Libiya saboda rikicinta, masu inshorarsu ma ba sa yarda. Shi ya sa jirage biyu za su tashi daga Kano rana ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya isa da awa biyu.

Shawarata ita ce kada ka dogara da abin da alhajin bara ya faɗa maka, balle na shekaru biyar da suka wuce. Halin samaniyar yankin nan yana sauyawa da siyasarsa. Ko Nijar ta rufe tata a Agustan 2023 har kusan wata guda. Ka tambayi kamfanin ko wakilin da ya sayar maka da tikiti hanyar da ake bi a bana, ko ka yi abin da aka bayyana a tambaya ta 7.

6. Na duba shafuka uku a intanet, kowanne da adadinsa. Wanne ne daidai?

Mai yiwuwa dukkansu. Mil iri biyu ne: na ƙasa kilomita 1.609, na ruwa kuma, wanda matuƙa jirgi suke aiki da shi, kilomita 1.852. Don haka 3,420 da 2,125 da 1,850 nisa ɗaya ne a ma'auni uku. Wani shafin kuma daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari yake aunawa, sai a samu bambancin 'yan kilomitoci. A wajen lokaci ne ya kamata a yi hattara, domin yawancin shafukan nan raba nisa da gudu kawai suke yi su ƙara rabin awa. Ba su san da yaƙin Sudan ba, ba su san da hazon Kano ba. Idan kana bincike, rubuta KAN a madadin Kano, JED a madadin Jidda, MED a madadin Madina, ka huta da rikicin rubutun sunaye.

7. Lokacin da ke tikiti shi ne ainihin lokacin da za a yi a sama?

A'a, ya fi shi. Kamfani yana fara ƙirga ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga wurin da ya ɗauki fasinja, har zuwa sa'ad da ya tsaya cak a wancan filin. Gangarawa zuwa titin tashi da jiran layi duk suna ciki. A Kano wannan ba ya daɗewa. A Jidda, musamman lokacin Hajji da goman ƙarshe na azumi, jirgi yana iya yin minti ashirin ko fiye yana tafiya a ƙasa, wani lokaci ma a sa shi ya yi ta shawagi kafin a ba shi izinin sauka.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce ka sa lambar jirginka a manhaja irin Flightradar24, ka ga awa nawa ya yi a 'yan kwanakin baya da kuma hanyar da ya bi. Da ita ma iyali a gida za su iya bin sawun jirgin har ya sauka, maimakon su yi ta bugun wayar da ke kashe.

8. Zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne?

Ba kasafai ba, kuma iska ce dalili. Jirgi a cikin iska yake tafiya, in ta biyo bayansa ta ƙara masa gudu, in ta tare shi ta rage. Da hunturu akwai iska mai ƙarfi a can sama da ke kadawa daga yamma zuwa gabas ta saman Masar da arewacin Sudan da Saudiyya, sai zuwa ya fi dawowa sauri, wani lokaci da minti ashirin ko talatin. Da damina kuma iskar saman yankinmu daga gabas take tasowa, sai bambancin ya ragu ko ma ya juye. Tunda watan Hajji yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, abin da alhazan wani zamani suka saba da shi ba lallai ya dace da na yanzu ba.

Wasu kan ce ai juyawar duniya ce take kawo Kano kusa da jirgin da ke dawowa. Ba haka ba ne. Iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, jirgin ma haka.

9. Idan Madina za a sauke mu fa?

Kano zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kimanin kilomita 3,560 ne, ƙarin kilomita 140 kacal a kan na Jidda, wato minti goma a sama. Ribar a ƙasa take. Wanda aka sauke a Jidda kuma Madina zai fara zuwa yana da tafiyar mota ta kilomita 400 da ɗoriya a gabansa, awa biyar zuwa shida bayan gajiyar jirgi. Wanda aka sauke a Madina kuwa wajen kilomita 20 ne tsakaninsa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A 'yan shekarun nan Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta fi kai maniyyata Madina kai tsaye, sannan a dawo da su ta Jidda, kuma ga tsofaffi wannan sauƙi ne babba. Makka ba ta da filin jirgin sama.

10. Wanda zai tashi daga wani gari ba Kano ba, yaya lissafinsa?

A miƙe zuwa Jidda, Maiduguri ce ta fi kusa, wajen kilomita 3,000. Abuja da Sakkwato kusan ɗaya suke, wajen 3,700 kowacce. Yamai wajen 4,000, Legas wajen 4,200. A ƙiyasce, duk ƙarin kilomita 300 ƙarin minti ashirin ne, don haka mutumin Legas ya fi na Kano zama da kusan awa guda. Idan ta kudu ake zagayawa, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 5, wannan jeri yakan rikice, don Abuja ta fi Kano kusa da waccan hanya.

11. Tikitin da ake yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ya fi araha. Nawa yake ƙarawa a tafiya?

Ta Alƙahira jimlar nisan wajen kilomita 4,300 ne, ta Adis Ababa wajen 4,750, ta Doha kuwa ya haura 6,000, domin sai an wuce Saudiyya gaba ɗaya sannan a dawo baya. Waɗannan duk lissafin miƙaƙƙiyar hanya ne, kuma Kano zuwa Adis Ababa ita ma ta saman Sudan ta ratsa. Amma ba nisan ne ya fi cin lokaci ba, jiran jirgi na biyu ne. Akwai tikitin da jiransa awa biyu ne, akwai na awa goma sha biyu, kuma a allon wakili duk suna kama da juna sai ka tambaya.

Masu bin jirgin yawo su ne wannan ya fi shafa. Ga matashi mai ƙarfi da ƙaramar jaka, ragin kuɗin yana iya biyan wahalar. Amma wanda zai tafi da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, ina roƙonsa ya dubi kwanan da za ta yi a kan kujerar ƙarfe kafin ya dubi farashi. Kuma jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba shi ma haɗari ne: jirgin Kano ya ɗan makara, na biyu ya tafi, ko kai ka samu shiga jakarka ta kwana. A tabbata zango biyun a tikiti ɗaya suke, don sai da haka ne alhakin sama maka wani jirgi yake kan kamfani. Agogon Adis Ababa da na Doha ɗaya ne da na Saudiyya. Na Masar kuwa yakan matsa da awa guda a watannin zafi tun 2023, sai a bi abin da allon filin jirgin ya nuna.

12. A wane lokaci na tafiyar ake isa miƙati, yaushe zan ɗaura harami?

Wannan ya shafi wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka. Jirgin da ya taso daga yamma yana zuwa daura da miƙati ne a saman Bahar Maliya, daura da Juhfa idan ta arewa ya biyo, daura da Yalamlam idan ta kudu. Wato a cikin rabin awar ƙarshe na tafiyar. Ma'aikatan jirgi sukan yi sanarwa, amma ba kowane kamfani ba, kuma ba lallai da harshen da kake ji ba.

Ga inda lissafin gudu yake da amfani. Jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a minti ɗaya, kuma faɗin tekun a wannan wuri bai wuce kilomita 250 ba. A daidai lokacin ne ake gangarowa, an ce kowa ya ɗaura bel, an hana shiga banɗaki. Mutum ɗari huɗu ba za su sauya tufafi a banɗaki takwas ko goma cikin minti ashirin ba. Don haka a yi wanka a ɗaura harami tun daga gida ko sansanin alhazai, ko a filin da aka yada zango, sai a bar niyya da talbiyya zuwa lokacin da aka kusa miƙati. Kuma kada haramin ya tafi cikin babbar jakar da aka auna. Cikin jirgi akwai sanyi, a tanadi abin lulluɓa kafaɗa.

Akasarin malamai ba su ɗauki Jidda a matsayin miƙatin wanda ya zo daga nesa ba, don haka jinkirtawa sai an sauka abu ne da ya kamata ka tambayi malamin bitarku a kansa tun kafin tafiya. Wanda zai fara da Madina ba ruwansa da harami a jirgi, a Zul Hulaifa zai ɗauka ranar da zai nufi Makka. Duba tambaya ta 9.

13. Yaya lokutan salla da buɗa-baki suke a cikin jirgi?

Mai tafiya gabas rana takan yi masa sauri. Tsakanin Kano da Jidda akwai ratar kusan awa biyu a tafiyar rana ita kanta, saboda haka a zaman awa huɗu da rabi za ka cinye awa shida da rabi na yini. A misalin da aka kawo a tambaya ta 3, wanda ya tashi 1:00 na rana La'asar da Magariba duk a sama za su same shi. Wanda ya tashi 11:00 na dare kuma da Asuba zai sauka, alhali agogonsa na nuna 3:30. Agogon hannu ba shi da amfani a nan, taga za a duba. Ya kyautu a shiga jirgi da alwala, kuma a tambayi malamai hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun ana gida, don a san abin da za a yi kafin a zauna.

Mai azumi yana buɗa baki ne idan rana ta faɗi a inda jirgin yake, ba da agogon Kano ko na Makka ba, kuma daga can sama akan ci gaba da ganin rana 'yan mintuna bayan ta ɓace wa na ƙasa. A zuwa yinin yakan gajarta da awa biyu, a dawowa ya ƙaru da awa biyu. Sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi yana nan ga wanda ya ga zai galabaita.

14. Me ya fi jawo jinkiri a Kano?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titin sauka, kuma akwai iyakar nisan gani da doka ta gindaya, ƙasa da shi ba a sauka. Sau da yawa jirgin da zai ɗauke ku ne bai samu saukowa ba. Da damina hadari ne, shi kuwa yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu. A watannin zafi iska takan yi sakayau, injin ba ya samun cikakken ƙarfi, jirgi mai cike da kaya yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma wannan na cikin dalilan da ake son tashin dare ko na sassafe.

A jigilar Hajji akwai wani dalilin daban. Jirgi ɗaya ne yake kai wannan sawu ya dawo ya ɗauki na gaba, kuma Saudiyya ta ware wa kowane jirgi lokacin saukarsa. Sawu ɗaya ya makara, ko don maniyyata ba su hallara ba, ko biza ba ta fito ba, sai jinkirin ya bi duk na bayansa. Wanda aka kira sansani ya ƙi zuwa a kan lokaci ba kansa kaɗai ya cuta ba.

15. Idan aka isa aka hana sauka, man jirgin zai kai?

Zai kai. Doka ta wajabta wa jirgi ɗaukar man da zai kai shi inda ya nufa, da na ko-ta-kwana, da wanda zai kai shi wani filin da aka zaɓa tun kafin tashi, sannan da na shawagin aƙalla minti talatin a kan wannan. Manyan jiragen da aka ambata a tambaya ta 2 an ƙera su ne don tafiyar fiye da awa goma, ko zagayen kudu bai kusa ƙure su ba. Idan ka ji an karkata da ku Madina ko Ɗa'ifa, ko a dawowa an wuce da ku Abuja saboda hazo, tsarin ne yake aiki yadda aka shirya shi.

16. Tsoho ko mara lafiya zai iya jure wannan zama?

Yawanci ƙwarai, in an yi shiri. Zaman awa huɗu zuwa bakwai wuri ɗaya yana kumbura ƙafa, ga wasu ma yana iya sa jini ya daskare a jijiya, don haka a riƙa motsa ƙafafu, a tashi a ɗan taka idan an kashe alamar bel. Iskar cikin jirgi busasshiya ce. Tsofaffi da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun shiga banɗakin da ba su saba da shi ba, kuma wannan kuskure ne mai tsada ga wanda zai sauka cikin zafin Saudiyya. Wanda ke tare da su ya raka su sau ɗaya ya nuna musu yadda ƙofa da famfo suke. Magani ya zauna a jakar hannu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin shan magani da ratar awa biyun nan. Keken guragu kuwa tun wajen sayen tikiti ake nemansa.

17. Daga fita gida a Kano zuwa shiga masauki a Makka, awa nawa zan ware?

Ga mai Umara a jirgin da ba ya tsayawa, awa goma zuwa goma sha huɗu. Ana son ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Sama awa huɗu da rabi zuwa shida da rabi, gwargwadon hanya. Tantance fasfo da ɗaukar kaya a Jidda awa ɗaya zuwa uku. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a sabon ginin filin, yana kai mutum Makka cikin ƙasa da awa guda, Madina kuma wajen awa biyu, sai dai yana da ƙa'ida a kan yawan kaya.

Alhajin hukuma lissafinsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Akwai zaman sansani, akwai jira a tashar alhazai ta Jidda mai rufin tantuna, wadda take aiki tun 1981, inda ake haɗa kowace tawaga da motocinta. Shi ya ware yini guda cur, ya sa abin taɓawa da magani da cajar waya a jakar hannu. Wanda zai tarye ka a can ka ba shi lambar jirgi da lokacin sauka da agogon Saudiyya. Mutanen gida kuma ka gaya musu kada su sa ran jin muryarka sai bayan awa biyu ko uku da saukar jirgin, don kafin nan kana kan layi, layin wayarka ma bai fara aiki ba.